Wa'azin da Na Yi wa Dokotoro Saratu

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar nan ba, ko na so mantawa shaidu sun yi yawa. Akwai Hajiya Gaji mutuniyar Mirriya, mai jinyar surukarta a gadon da ke kusa da namu. Akwai Tabawa 'yar Dakusa, wadda magana ba ta kwana a bakinta. Akwai majo Sale mai yi wa marasa lafiya allura, akwai 'yata kwance da ciwon haƙarƙari (ta fari ce, kada ku tambaye ni sunanta). Sai Dokotoro Saratu, wadda a gabanta na zubar da girmana da hannuna.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah Ya ba ni ido. A unguwarmu ta Birni an san ni, yarinya ba ta wuce ƙofata da kai a buɗe ta kwana lafiya. To kwana huɗu muna gidan likita na sa wa dokotoron nan ido. Da hantsi tana nan, da azahar tana nan, la'asar ta same ta tana gudu daga wannan ɗaki zuwa wancan, abin awon ƙirji na lilo a wuyanta, wayar salula na kuka a aljihu. Ko sau ɗaya ban gan ta da buta ba. Ga kallabi a kai, ga suna Saratu. Na ce a raina, boko ya cinye 'yar mutane.

Ina da ɗan rediyo mai kati da aka cika mini da wa'azi a kasuwa. A ciki akwai wani malami mai faɗa kan masu jinkirta salla, murya kamar aradu. Shi na mayar bakina. Da na hango farar rigarta sai in murɗa shi can sama, in kau da kai kamar bango nake kallo. (Habaici ne dai irin namu na mata, sai dai wannan da pil, wato batir, yake aiki.) Ita kuwa sai ta ce Inna yaya mai jiki, ta duba ta, ta wuce. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Ranar Juma'ar, ana dab da idar da salla, numfashin 'yata ya sarƙe. Ma'aikata maza duk sun tafi masallaci. Dokotoro ta shigo da sauri ta ɗora abin awon a ƙirjinta, ni kuma hannuna ya riga ya saba, na murɗa rediyon. Ta roƙe ni in rage. Na ce maganar Allah ba a rage ta. Daga nan na miƙe, na gyara mayafi, na buɗe nawa wa'azin a kan na malam. Na lissafa mata sallolin kwana huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na ce tana gyaran jikin mutane ta bar lahirarta tana yoyo. Har gidan da ta fito sai da na tambaya.

Ba ta ko ɗago kai ba. "Inna, ba na jin ƙirjin 'yarki. Malam ko ita, wa kike so in saurara yanzu?"

Hajiya Gaji ce ta miƙo hannu ta kashe rediyon. Dokotoro ta sa wa 'yata abin shaƙar iska, ta yi allura, ta tsaya a kanta har numfashi ya daidaita, sannan ta fita da gudu don ana neman ta a wani ɗakin.

Ashe majo Sale ya dawo daga masallaci, darduma a kafaɗa, ya sha rabin wa'azina daga bakin ƙofa. Ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya (ba ƙasan da ya fi ƙarfin kunnen Tabawa ba). "Inna, dokotoron nan Kirista ce fa, 'yar pasto. Duk lokacin salla ita ke riƙe mana aiki mu je mu yi. Ran Lahadi mu riƙe mata ta je majami'a."

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ina nan ina gyaran zanen gadon da ba ya buƙatar gyara, sai Tabawa ta tambaye ni cikin ladabi ko ni na yi azahar. Na dubi butata, tana nan cike yadda na cika ta tun safe. Ban yi ba.

Ranar na gane mai ƙirga sallar wani, tasa ce ke kuɓuce masa, kuma da tsufana aka koya mini wannan, a gaban 'yar Dakusa.

Washegari na cire pil ɗin rediyo na ƙulle a gefen zane. Na hura gawayi a inda masu jinya ke girki, na dama kunun gyaɗa, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta. Da ta zo na miƙa mata. Ta ce ta gode Inna, ta kurɓa biyu a tsaye, salula ta yi kuka, ta mayar mini da kwanon ta ruga. Na riƙe mata shi har azahar. Da aka kira salla, duk ɗakin ni na fara ɗaukar buta.