Gangarar da Na Gina wa Falmata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hau keken guragu a gaban iyayen yara. Lokacin ba a daɗe da ba ni shugabancin wata firamare a unguwar Umarari da ke Maiduguri ba, ga shi na dawo daga bita kan karatun yara masu buƙata ta musamman, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro tausayi.

Muna da ɗaliba mai keke, Falmata, 'yar aji huɗu. Mahaifinta, mai sayar da wake a Kasuwar Kwastam, ya same ni a ofis.

"Malama, cire ta zan yi. Kullum da ciwon kai take dawowa gida."

Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Ni kaɗai na yanke cewa wahalar ɗaga ta a matakala ce, ban tambayi yarinyar komai ba (wa zai je bita ya dawo yana tambayar 'yar aji huɗu?). Na sa aka zuba gangarar siminti a ƙofar ajinsu, gajera, don kada ta taɓa furannin da na shuka a gaban ajin.

Na kira taron buɗewa, na sha sabuwar laffaya. Bayan dogon jawabi sai na ce, "Shugaba na gari shi ke fara gwadawa." Aka zaunar da Falmata a benci, na haye kekenta a saman gangarar, na saki.

Jama'a, ashe gangarar ta yi tsaye da yawa! Keken ya kwasa da gudu, bakin laffayata ya shige cikin taya, tana naɗewa ina warwarewa, har na kife cikin yashi a gaban shugaban ƙungiyar iyaye. Dattawa suka kau da kai suna salati. Malama Rifkatu, mataimakiyata, ta fizgo zanen tebur ta rufe ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka watse na kira Falmata ofis in ba ta haƙuri. Na miƙa mata ruwan sanyi, ta girgiza kai.

"Ba na sha a makaranta, Malama."

"Don me?"

Ta sunkuyar da kai. "Kekena ba ya shiga ƙofar banɗaki."

A zafin Maiduguri, yarinya tun safe har azahar ba ko kurɓi ɗaya! Kunyar da na ji a nan ta fi ta faɗuwar ciwo. A makon aka faɗaɗa ƙofar, ciwon kan ya tafi, mahaifinta ya bar mana ita.

Tun daga ranar, kafin in gyara wa mutum rayuwarsa, sai na fara tambayarsa inda ta lalace.