Ranar da Na Raunana Shugaban Amurka

Wani Alhaji da nake koya wa 'ya'yansa karatu a gida, ma'aikacin ofishin jakadanci a unguwar Zamalek, ya roƙe ni in taya 'yarsa aikin makaranta: auna nagarta da raunin shugaban Amurka na farko.

Na gyara hula na ce, "Tamam, ba damuwa, Alhaji, ai auna mutane shi ne karatunmu."

Ɗalibin hadisi ne ni, sai na auna shi yadda muke auna masu ruwaya. Na yaba masa da ya bar mulki da kansa, amma tunda ban san malamansa ba, na raunana shi, na yanke hukunci ba a karɓar maganarsa.

Yarinya ta ci sifili. Alhaji, Allah ya saka masa da alheri, bai sallame ni ba, dariya ya yi har da hawaye. Har yau ko mai gyaran famfo ya zo, sai ya ce, "Malam, wannan fa, a karɓi maganarsa?"