Rasuwar Kawu Murtuke, Kofin Brigitte

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni Maurice, tsohon direban motar auduga da ke zaune a unguwar Djamboutou, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da mutanen cocinmu rasuwar Kawu Murtuke, kofin tangaran mai fuskar mutum. Ya bar mu ranar Talatar makon jiya da hantsi, bayan shekara ashirin da uku a gidana.

Ba mu san ranar haihuwarsa ba, ba mu san garin iyayensa ba. Matata Brigitte ce ta tsinto shi a kasuwar Garoua, cikin kwandon kayan gwanjo na Turai, tsakanin tsofaffin faranti da murafen da suka rabu da tukwanensu. Launin ƙasa ne, tsawonsa taƙi guda, ba shi da mariƙi. Idanunsa manya, hancinsa a baje, bakinsa a yashe cike da haƙora. Mai kayan ya ce mata ana kiran irinsu tiki, wai an kwaikwayi sassaƙar mutanen wasu tsibirai ne can tsakiyar teku, kuma giya Turawa suke sha a ciki. Brigitte ba ta tsaya jin tarihin ba. Ta ce masa, "Ai na san wannan fuskar. Haka mijina yake dawowa daga Touboro."

Gaskiya ta faɗa. A shekarun nan nakan yi kwana huɗu ko biyar a hanya da lodin auduga, taya ta fashe, gada ta cika da ruwa, in iso gida ba na son ko gaisuwa. Brigitte ba ta yi min magana. Sai ta zuba shayi a cikin marigayin, ta ajiye shi a gabana, ta juya fuskarsa tana kallona, ta koma kicin abinta. Haka za mu zauna, ni na murtuke, shi ya murtuke. Ban taɓa cin nasara a kansa ba. Da ta ji na yi dariya sai ta leƙo ta ce, "To, yanzu ka dawo. Sannu da hanya."

Marigayin ya kasance mai kamun kai. Ko da yake don giya aka yi shi, bai taɓa ɗanɗana ta ba a gidan nan. Shayi da safe, folere mai sanyi da rana, wanda wasu ke ce wa zoɓo, kunu kuma idan zazzaɓi ya kwantar da ni. Yana riƙe zafi fiye da kowane kofi da na sani. Idan cokali ya taɓa gefensa yakan amsa da murya siririya, tiiin, ta daɗe kafin ta mutu, har yara suna roƙo a sake.

Shekara shida da suka wuce Brigitte ta riga mu gidan gaskiya, muka kai ta Poli, garinmu, muka dawo. Ni da shi muka rage a teburin. Daga nan na fara bin masu gwanjo duk Asabar ina nema masa dangi, har suka san ni, da an kwance sabon kwali sai su aiko a kira ni. Ban san abin da nake nema ba. Na dai san dawowa da wani abu a hannu ya fi shiga gidan hannu wofi sauƙi.

Ya rasu ya bar ƙanne tara a kan kanta. Akwai Dogo, kore, wanda ko sau ɗaya ba a sha komai a cikinsa ba saboda ƙura ta fi son shi. Akwai Tagwaye, da Mai Abarba, da wani fari mai ido ɗaya da 'yata Pélagie, malamar makaranta a Poli, ta sa aka kawo min daga Douala. Sauran ba su daɗe ba, ban gama ba su suna ba. Dukansu masu kyau ne, amma babu wanda Brigitte ta taɓa riƙewa a cikinsu.

Jinyarsa ta fara ne bara, lokacin da tsaga ta bayyana daga bakinsa zuwa haɓa. Muryarsa ta dushe, cokali ya taɓa shi sai ka ji kwas. Na gaya wa kowa ruwan zafi ne ya tsaga shi. A nan ne wannan sanarwa za ta gyara abin da na faɗa, domin bai kyautu a binne mamaci da ƙarya ba.

Ba ruwan zafi ba ne. Hannuna na dama ne ya fara rawa, na buga shi da gefen tebur. Na ɓoye hannun a aljihu wata goma. A coci na daina riƙe littafin waƙa, na ce idona ne. Idan Pélagie ta kira a waya ta tambayi jikina, in ce lafiya lau.

Ranar Talatar, ina tsakar gida da shayi, na riƙe marigayin da hannu biyu kamar kullum, sai kawai ya bar hannuna ya sauka a kan siminti. Akuyar maƙwabcina Halliru mahauci ta shigo gidan kamar yadda ta saba. Na ɗaga murya na ce ita ce ta ture shi. Halliru ya baro teburin namansa a guje, ya ga abin da ke ƙasa, ya dafe kai. Ya san kofin waye. Ya ce, "Papa Maurice, ka yi min haƙuri don Allah. Wannan akuyar ba za ta ƙara kwana uku a duniya ba." Na bar shi ya tafi da kunyar da ba tasa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya dawo, ya zauna a kan benci. Sannan ya ce, "Papa, Karimatu matata tana shanya a bakin katanga lokacin. Ta ce akuyar tana can wajen rijiya."

Na ƙara cusa hannuna cikin aljihu.

Ya ce, "Ba don akuya na zo ba. Ka fito da hannun nan in gani."

Na fito da shi. Muka zauna mu biyu muna kallonsa yana rawa a kan gwiwata.

"Wata nawa?"

"Goma."

"To ka kira Pélagie yau. In ba ka kira ba, wallahi ni zan kira, ina da lambarta."

Na kira. Ta iso washegari da motar farko, ta kai ni asibiti. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, magani dai yana rage masa gudu, kuma bai kamata in ci gaba da zama ni kaɗai ba. A hanyar dawowa ba ta ce min komai ba. Da muka shiga gida ta ga gutsattsarin a cikin ƙyallen da na ƙulle su, ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin wanda ban ji ta yi ba tun a Poli. Da ta share ido ta ce, "Baba, wata goma kana ce min lafiya lau? Ka haɗa kayanka."

Saboda haka ina shaida wa duk wanda ya ji labarin farko cewa akuyar Halliru ba ta da laifi, tana nan da ranta, kuma na roƙi gafarar mai ita a gaban matarsa. Ya ce ya yafe tun kafin in roƙa. Useko, Halliru, kamar yadda ake godiya da Fulatanci.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar mai zuwa, daga ƙarfe goma na safe, a gidana da ke bayan injin niƙa. Za a ba da folere a kofunan roba. Halliru ya ce ba zai ɗauki kofi ba don gidansa ba ya ajiye abu mai fuska, amma zai kawo tsire. Ɗakin da Pélagie ta gyara min a Poli ba zai ɗauki fiye da kofi biyu ba, don haka marayu bakwai suna neman gida, duk wanda zai iya riƙe su da kyau ya zaɓa, ba sai ya tambaye ni ba, don ba na son in ga fitarsu.

Ranar Lahadi bayan sujada gawar za ta bi mu zuwa Poli, inda za a sa ta a ƙasa kusa da mai ita.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su cire takalmi a ƙofa. Mun share tsakar gidan sau uku, mun jera gutsattsarin a kan tebur, har yanzu guntu ɗaya bai fito ba.