Gasar Zakarun Duniya a Kan Ƙanƙarar Lurwanu

Da sunan Mai sanyaya abin da Ya so, Mai narkar da abin da Ya ga dama. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadaukin sadaukai, gwarzon bazara, dodon gumi, Lurwanu ɗan Sallau mai lamurje, jikan Jatau mai randa, tattaɓa-kunnen Nomau, wanda ruwayoyi suka haɗu a kan cewa shi ya fara binne gindin tulu cikin jiƙaƙƙen yashi a kasuwar Maigatari. Gida ne da tun kaka da kakanni ba su da abokin gaba sai zafi. Kowane ɗa yakan gaji yaƙin daga ubansa ya ƙara masa makami, har zamani ya zo da Lurwanu, wanda Allah Ya hore wa injin ƙanƙara mai ruri dare da rana. Saboda haka 'yan majalisar bakin tasha suka naɗa shi Sarkin Ƙanƙara. Sarauta ce ba rawani ba alkyabba, amma duk wanda ya san Lurwanu ya san gara ka hana shi tuwo da ka kira shi ba ka sa Sarki ba.

Mafarin al'amarin kuwa a gidan kallo ne, wata la'asar ta tsakiyar bazara. Tashar ƙwallon ƙafa ta ƙi kamawa, mai gidan kallo ya yi ta murɗe-murɗe har ya faɗa wata tasha inda wasu ƙarti masu hulunan kwano ke sulɓi a kan wani farin fili, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasasshen kai. Jama'a suka yi tsaki suka watse, Lurwanu kaɗai ya kasa tashi, domin idon gwani ya riga ya gane filin nan ƙanƙara ce zalla. Mai gidan kallo, wanda ke jin Turanci gutsure-gutsure, ya bayyana masa cewa ana kiran wasan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wannan kuma gasar zakarun ƙungiyoyi ce: kowace ƙasa daga ƙasashen sanyi takan turo ƙungiyar da ta gagari 'yan gida, a haɗu a fitar da zakaran zakaru. Ran Lurwanu ya ɓaci ƙwarai. Ashe shekara da shekaru ana biki a kan sarautarsa, ba wanda ya taɓa aiko masa ko da goron gayyata.

Ya kai ƙarar wannan raini majalisa, sai ya tarar da Chindo Direba, mutumin da bakinsa ya fi motarsa gudu.

"Sarki, ai sarautarka ta cikin leda ce," in ji Chindo. "Masu ƙanƙarar gaske a kanta suke tsere. Kai kuwa a buhu kake ɓoye taka sai ka ce kayan sata."

Nan take jinin Nomau ya motsa. Lurwanu ya miƙe tsaye, ya nuna sama da yatsa, ya yi furucin da tarihi ya kiyaye:

"Ku zama shaida! Kafin ruwan fari ya sauka, sai an buga ƙwallon gora a kan ƙanƙara a garin nan, ƙasa da ƙasa, zakaru da zakaru. In ba a buga ba, ko da bugu ɗaya ne, kada wanda ya ƙara ce mini Sarki!"

Majalisa ta ce ta shaida. Magana zarar bunu ce, ta fita ke nan.

To, sai aka shiga shirin yaƙi irin wanda ba a taɓa gani ba tsakanin Gumel da Damagaram. Aka tattaro ƙotocin fartanya suka zama sanduna. Aka yanka tsohuwar katifa aka yi sulke, aka aro hulunan kwano wurin 'yan acaɓa. Maƙeri ya kafa wa takalman taya ƙarfe a ƙasa, yana yi yana neman tsari da abin da hannunsa ke aikatawa. Mai faci ya yanko ƙwallon daga tsohuwar taya, domin ƙwallon wannan wasa ba irin ta mutane ba ce, wata 'yar baƙar aba ce mai faɗi kamar waina. Saura zakaru. Lurwanu ya tara masu tura masa baro ya sa musu suna Zakarun Maigatari, bisa hujja mai ƙarfi cewa ba a taɓa cin su ba, kuma gaskiya ne, tun da ba su taɓa wasa ba. Sa'an nan ya aika bayan iyaka, Dungas ta ƙasar Nijar, aka gayyato samarin da suka addabi yankinsu a wasan langa, ƙarƙashin jagoransu Isufu. Ƙasa biyu ke nan, kuma a lissafin Lurwanu duk abin da ya wuce ƙasa ɗaya duniya ne.

Ba za a ce jarumin namu bai san abokiyar gabarsa ba. Ya san rana sarai, ya san sa'ar da take fara wasa wuƙa. Don haka ya tsara cewa da an idar da asuba a shimfiɗa tampol a filin bayan tasha, a jera tubalan ƙanƙara kafaɗa da kafaɗa, a lulluɓe da garin katako da buhuna, da hantsi ya fito a yaye, a buga, a tashi. Ya kwashe duk abin da injinsa ya haifa, ya bi sauran masu firji na gari ya karɓe nasu, har ba a bar ko ƙanƙarar sanyaya zoɓo ba. Da hantsi ya fito aka yaye buhuna aka share, sai ga fili fari fat yana hayaƙin sanyi, faɗinsa ya kai tsakar gidan mai hali. Mata suka yi guɗa, tsofaffi suka yi salati. Rundunoni biyu suka jeru a gefe suna tangaɗi a kan takalman ƙarfe, Lurwanu na gaba da ƙotarsa a kafaɗa, zuciyarsa fal farin ciki.

Sai ga Barmo sanƙira ya bayyana riƙe da lasifika.

"Haba Sarki! Taro ba buɗewa? Sai ka ce na marasa iyaye? Baƙi sun ƙetaro ƙasa, ga manya a kan kujeru, ka ce a hau bugu kawai?"

Lurwanu ya dubi rana, ya dubi manya. Ya so ya ce a mayar da buhuna kafin a gama, amma wa ke rufe abu a gaban baƙo bayan ya buɗe masa? Ai sai a kai labarin rowarsa har Damagaram. Ya ce wa Barmo a yi, amma a taƙaita.

Liman, Allah Ya saka masa da alheri, ya taƙaita. Shi kaɗai ne kuwa ya yi hakan a ranar. Daga nan Barmo ya shiga gabatar da uban taro, da uwar taro, da shugaban taro, da babban baƙo, da babban baƙo na musamman, da kuma babban baƙo na musamman ƙwarai, muƙamin da aka ƙirƙiro da safiyar nan domin Alhaji Mati mai shanu ya ce ba zai zauna a ƙasa da Alhaji Zubairu mai raƙuma ba. Kowannensu sai da aka ambaci ubansa da kakansa da alherin da ya yi wa gari, da wanda yake niyyar yi. Kowannensu kuma da ya karɓi lasifika yakan fara da cewa ba zai tsawaita ba, kuma duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma.

Ana cikin haka rana ta ɗaura ɗamara ta kawo hari ta gabas. Tubalan gefe su ne suka fara faɗuwa, ruwa ya soma gangarowa ta bakin tampol yana neman ƙafafun manya. Lurwanu ya daka tsawa irin ta fagen fama:

"A buga! Jama'a, a buga!"

Amma muryar mutum ba ta ja da lasifika. A daidai lokacin Barmo na sanar da isowar wani tsohon kansila, wanda ya makara, wanda kuma ba zai yiwu a bar shi ya zauna shiru kamar wanda ba a sani ba. Bayansa aka sanar da isowar shugaban 'yan tebur. Bayansa aka sanar da isowar wani da ya zo neman akuyarsa ne, amma ya sa babbar riga mai aska, ba a iya tantancewa ba.

Sa'an nan Isufu, jagoran baƙi, ya miƙe ya isar da gaisuwar mutanen Dungas unguwa-unguwa, ya ce wulaƙanci ne a ɗaga wa mutum sanda ba a tambaye shi kwanan iyalinsa ba. Magana ce da ba mai iya musunta ta. Sai rundunonin suka fuskanci juna, kowane ɗan wasa ya bi kowane ɗan wasa da ina gajiya, ina gida, ya hanya, ya zafi, ya muka ji da zafi, ana kai hannu ƙirji ana dawowa. Lurwanu kuwa ya yar da girma ya durƙusa yana tura tubalan da suka tsira zuwa tsakiya, yana haɗa su, gumi na zuba daga goshinsa yana taya rana aiki. Filin da ya kai tsakar gida ya koma zaure, zaure ya koma ɗaki, ɗaki ya koma tabarma. Chindo Direba na zaune a inuwar motarsa yana cin gyaɗa yana kallo.

Rana ta take tsaka lokacin da babban baƙo na musamman ƙwarai ya kai ƙarshen tarihin cinikin shanu. Abin da ya rage daga daular Lurwanu tubali ɗaya ne tal, ya sirance, yana tsaye a tsakiyar kududdufi, faɗinsa bai wuce faifai ba. Amma ya isa. Alkawarin bugu ɗaya ne, kuma ga wurin bugu ɗaya. Jarumi ya kutsa cikin ruwa har idon sawu, ya ɗora 'yar baƙar ƙwallon a kan ƙanƙara, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ƙota sama. Tsakaninsa da sarauta ta har abada bai wuce saukar hannu ba.

"Saura jawabin godiya!" Barmo ya rangaɗa. "Daga bakin mai gayya mai aiki! Lurwanu na Sallau, sanyi maganin zafi! Dutsen ruwa gagara rana! Jikan Jatau, ka sanyaya na kusa, ka sanyaya na nesa!"

Ya miƙo lasifika har gaban hancinsa.

Masana tarihi sun yi saɓani a kan abin da ya shiga zuciyar Lurwanu a wannan lokaci. Abin da ya tabbata shi ne ya yi niyyar cewa na gode kawai, ya buga. Ya sauke ƙota, ya karɓa, ya ce ba zai tsawaita ba. Sai ya ji muryarsa ta fita ta daki bangon tasha ta dawo, ƙatuwa, mai kwarjini, irin wadda bai taɓa sanin yana da ita ba, daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya gode wa Alhaji Mati. To, wanda ya gode wa Alhaji Mati ya bar Alhaji Zubairu ai ya sayi gaba. Ya gode wa Alhaji Zubairu. Ya gode wa uwar taro, da tsohon kansila, da maƙeri, da mai faci, da 'yan acaɓa da suka ba da aron huluna, da mutanen Dungas unguwa-unguwa kamar yadda suka gaishe shi. Ya gode wa mai neman akuya. Sa'an nan ya ga bai kyautu ɗan halas ya tsaya gaban duniya bai ambaci magabatansa ba, sai ya faro daga tulun farko. An ce ba a taɓa jin jawabi mai daɗinsa ba a Maigatari, har wata tsohuwa ta yi hawaye.

Da ya kammala aka ɗauki tafi. Ya mayar da lasifika, ya juyo da ƙarfin zuciya, ya ɗaga ƙota, ya yi kururuwa:

"Yau take yau!"

Ya kai bugu da iyakar ƙarfinsa. Ruwa ya tashi sama ya sauka a kan babbar rigar babban baƙo na musamman ƙwarai. Da ruwan ya lafa, aka hango 'yar baƙar ƙwallon kwance a ƙasan kududdufi a kan tampol, ko motsi ba ta yi ba.

Haka gasar zakarun ƙungiyoyi ta duniya ta ƙare a Maigatari, ba a ci kowa ba, ba kowa ya ci. Mutanen Dungas suka ce tun da sun ƙetaro iyaka kuma ba a zura musu ko ɗaya ba, kofi nasu ne, suka rungumi butar shayin da aka shafa wa fentin azurfa a matsayin kofin gasar, suka hau mota suna waƙa. Manya suka watse suna yaba tsarin taro, kowa na cewa an ba kowa haƙƙinsa.

Da la'asar Lurwanu ya ja ƙafa ya nufi majalisa, domin wanda ya ƙi zuwa yau gobe ma ba zai iya ba. Ya shirya wa dariya, ya shirya wa habaici. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Chindo Direba ya matsa gefe a kan benci, ya kaɗe wurin da hularsa, ya ce da murya mai taushi:

"Lurwanu, ga wuri."

Ya zauna. Jawabi ya busar masa da maƙogwaro, sai ya ce a taimaka masa da ruwa mai sanyi. Aka aika shagon farko babu, na biyu babu, har ƙarshen layi, kowa ya ce ai ƙanƙararsa tana filin bayan tasha. Aka ɗebo masa na jarka wanda ya wuni a rana, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye.