Ranar da Na Ajiye Kwanon Rabi a Iska

Abubuwa sun fara zame mini yanzu, har sunan jikokina sai na jero uku kafin in faɗa kan wanda nake nema. Amma ranar jeren Rabi kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, wallahi na yi. Ta ƙi.

Bari ku san ko ni wace ce tukuna, don ku gane daga inda na faɗo. A Tsibiri, tun ina da ƙarfina, ba a jeren ɗakin amarya ba a aiko mini ba. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko, ko na yini guda, amma in na tsaya bakin ƙofa na dubi bango sau ɗaya, na san inda gado zai zauna, na san kwanon da zai hau kan wane. Tun zamanin ƙorai da tasoshi nake yi, har aka zo zamanin tangaran da armuwar, wato kabad mai gilashi. Kuma ina da al'adata: kwano na ƙarshe, babban nan da ke zama can sama a tsakiya, ni nake ɗora shi da hannuna, sannan a rangaɗa guɗa. Babu wadda ta taɓa karɓe mini wannan.

To, a shekarar nan wasu ƴan abubuwa suka fara faruwa. In zuba koko, rabi a kofi rabi a tabarma. In zo shiga ɗaki, kafaɗata ta hagu ta daki ƙyaure. (Sau biyu ina sa a kira kafinta, bawan Allah ya duba ya duba ya ce ƙofa lafiyarta lau, na ce bai iya aiki ba.) Ɗana Mamman, wanda ke zuwa aiki Maradi kullum, ya ce, “Inna, ki bari in kai ki likita a duba miki ido, dubawa ta sosai.”

Na ce, “Idon wa? Ni da nake zura zare a allura ba tabarau? Matarka mai boko ni take miƙo wa tata allurar. Je ka kai ta ita.”

Kuma gaskiya na faɗa, ina zurawa. Abin da ya cuce ni ke nan.

Sai bukin Rabi ya taso. Rabi ɗiyar Indo ce, Indo kuma ɗiyar yayana ce da ke aure a Jiratawa. Manoman rani ne, rufin asiri dai. Allah ya haɗa yarinyar da ɗan wani babban Alhaji na unguwar Zariya a Maradi, irin gidan da motocin kaya ke kwana a ƙofarsu. Kun san yadda abin yake: a irin wannan aure, ɗakin amarya shi ne fuskar iyayenta. Indo ta daɗe tana tara kayan nan, kaka bayan kaka, daga abin da gonar tattasai ta bari. Cikinsu akwai wani babban kwanon tangaran mai murfi, fari da zanen ruwan zinari, da ƴaƴansa ƙanana. Da ta buɗe mini shi sai da ta goge hannunta a zane kafin ta taɓa.

Ta ce, “Gwaggo, ke na dogara. Kada su ce mun zo daga ƙauye.”

Na ce, “Ke dai ki samo mai guɗa mai murya.”

Ranar jere muka cika mota muka isa Zariya da hantsi. Ɗaki ɗaki ne, ƙasa sumul sai ƙyalli, har ba ka gane inda dakali ya ƙare. (A bakin ƙofa ma na yi tuntuɓe, na ce takalmi ne.) Matan gidan ango sun zo kallo, sun jeru jikin bango suna ƙamshi, a gabansu wata Hajiya, gwaggon ango, mai zobba har a babban yatsa. Ni kuwa na ɗaure ɗankwali na hau aiki. “Ke, matsa da wancan. Ke, juya hannun butar ya kalli ƙofa.” Kafin azahar armuwar ta cika, kaya sun zauna kamar a can aka haife su. Na ji wata daga cikinsu tana cewa a hankali, “Tsohuwar nan ta iya.” Na yi kamar ban ji ba, alhali har cikin ƙashina na ji.

Saura babban kwano. Aka kawo kujera ƴar tsugunne na taka. Indo ta ce, “Gwaggo, ko in kama miki?”

Na ce, “Tun ba a haifi uwarki ba nake wannan.” (Ƙarya ce, uwarta ta girme ni. Amma an yi dariya, ni kuma dariyar nake so.)

Na ɗaga kwano da hannu biyu. Ina ganin katakon sama sarai, har ƙwayar ƙusarsa ina gani. Na miƙa, na daidaita shi a tsakiya yadda na saba, na ce bismillah, na saki.

Ashe ban kai ba. Saura kusan taƙi guda. A iska na ajiye shi.

Mai guɗa ta riga ta fara, don ta ga na saki. Haka guɗar ta haɗu da ƙarar, ta katse a tsakiya kamar an shaƙe kaza. Kwanon bai tafi shi kaɗai ba, sai da ya biya ta kan ƴaƴansa da ke layin ƙasa ya tafi da su. Murfin ya gangara har gaban Hajiya, ya yi juyi, ya yi juyi, ya kwanta. Shi kaɗai ya tsira.

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma ina! Ina tsaye kan kujera na juyo na ce, “Wace ce ta ja armuwar baya?”

Armuwar da sai maza huɗu suka shigo da ita.

Sai na ji murya dab da kunnena na hagu: “Sannu, Iya. Sauko a hankali.” Hajiya ce. Ashe tun da na taka kujera ta taso ta tsaya a gefena, hannunta a miƙe tana tare ni kada in faɗi, kowa na ganinta, ni ban san da mutum a wurin ba. Ita ta riƙe ni na sauko, da zobbanta da komi.

Ban damu da dariyar ƴanmata da aka danne a waje ba. Indo ce ta karya ni. Ta durƙusa tana tsince fasassun a bakin zanenta ɗaya bayan ɗaya, tana cewa matan gidan, “Ku yi hankali da ƙafafunku.”

Washegari ni da kaina na ce wa Mamman ya fito da babur ya kai ni likita.

Na zaci za a nuna mini abu daga nesa a ce mene ne wannan, in faɗa, in taho. Ina! Yini muka yi. Wata ƴar lokotoro, likitar ido, ba ta kai Rabi jiki ba, ta ɗiga mini magani, ta haska fitila har cikin ƙwaƙwalwata, ta auna abin da ta kira tansiyon ido. Ta sa na cusa kai a wani abu kamar ƙwarya, wai in na ga ɗan haske ya gilma ta gefe in danna. Na zauna ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Daga baya ta ce, “Iya, rufe idonki na dama da tafinki.”

Na rufe. Sai duniya ta koma kamar ina leƙe ta kafar tsohuwar tabarma. Tsakiya kaɗai, shi ma dishi-dishi.

Ta ce, “Kin gani? Na dama ne ke ta yi miki aiki. Gani da kyau daban, gane nisan abu daban. Wannan sai ido biyu sun haɗu. Ganin gefe ma nasa daban.”

Na ce, “To ai bai taɓa yi mini ciwo ba.”

Ta ce, “Irin wannan ba ya ciwo. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma za mu tsare sauran, in kina ɗiga magani kullum.”

Kullum ɗin nan nake ciki har yau, safe da yamma, na gaji da shi kamar me. Na sayar da tunkiyata na aika wa Indo wani kwanon. Ta karɓa ta yi godiya, amma ni da ita mun san ba irinsa ba ne.

Har yanzu ana kirana jere, kada ku ce an daina. Sai dai da na isa ake shimfiɗa mini tabarma a tsakar ɗaki, a ce, “Iya, ke dai ki faɗa, mu mu ɗora.” In na matsa sai na taɓa wani abu da hannuna, sai a miƙo mini matasan kai.

Abin da na koya, in za a duba muku ido, ku bari a tambayi kowanne shi kaɗai. Nawa na dama ya daɗe yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ni kuma suka haɗu suka tona nawa a gidan surukai.