Agogo Biyu a Shagon Ɗan Gajimare

A duk layin masu shaguna, mutum ɗaya ne Allah ya ɗaukaka har ya leƙa gajimare ta sama: mai sayar da akwatunan tafiya, wanda ake kira Ɗan Gajimare. Shekara uku ke nan da ya hau jirgi daga filin jirgin garin ya sauka a na wata ƙasa, kuma har yau bawan Allah bai gama saukowa ba.

Takardar da aka ɗaura wa akwatinsa tana nan, ta koɗe, amma wanda ya taɓa ta zai ga ɓacin rai. Ya kafa agogo biyu a bango, ɗaya na nan, ɗaya na can, ya tura na can gaba da awa bakwai. Da rana tsaka sai ya miƙe ƙafa ya hau minshari, masu saye na tsaye. Kada wani ya ce lalaci ne. Jikinsa ne bai saba da lokacin gida ba tukuna.

Nisan tafiyar kuwa yana da albarka, kullum ƙaruwa yake. Shekarar farko kilomita dubu biyu ne, ta biyu ya kai dubu biyar. Bana ya daina faɗin lamba, sai dai ya girgiza kai don tausayin jahilai.

Da kujerar shugaban 'yan layi ta faɗi, ya ƙwallafa rai a kanta, har ya ba da ɗinkin sabuwar riga. Abokin takararsa mai gyaran agogo ne, mutum shiru-shiru wanda bai taɓa hawa abin da ya fi babur ba.

Ranar zaɓe Ɗan Gajimare ya miƙe ya gyara murya. "Jama'a, shugabanci sai wanda ya ga duniya. Tsakanin filin nan da filin da na sauka, tsuntsu ma sai ya yada zango sau uku! In kuna shakka, ga yayata, ita ta raka ni."

Tsohuwar ta tashi, fuskarta cike da alfahari, don tana son ƙanenta har cikin rai.

"Wallahi ni na raka shi," in ji ta. "Ai jirgi abin mamaki ne. Ina cikin mota, cunkoso ya tare mu, ko rabin hanyar gida ban kai ba sai ga wayarsa, wai ya sauka lafiya. Na ce, ƙanena, da ka sani ka bi direban maƙwabcinmu, kullum can yake kai kaya da safe ya dawo kafin yamma."

Wani ya kasa riƙe dariya, sauran suka biyo shi. Ɗan Gajimare ya ji sabuwar rigar ta yi masa nauyi. Da aka ɗaga hannu, ƙuri'a biyu ya samu: tasa, da ta Yaya, wadda ba ta da shago a layin.

Washegari sabon shugaba ya leƙo shagon, ya yi sallama cikin ladabi, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban bango.

"Maigida, wannan na biyun ya ɓaci da awa bakwai," in ji shi. "Kawo in daidaita maka shi da ɗan'uwansa. Kyauta ne."