Rasuwar 'Yar Rimaye, Wuƙar Gidan Modibbo Manu

Da zuciya cike da baƙin cikin da ya rasa inda zai sauke shi, Malam Sabi'u Manu, malamin aji huɗu a Kusada, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kankia da kewaye rasuwar 'Yar Rimaye, wuƙar yankan gidansu. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, gab da magariba, a dajin da ke bayan Kafinsoli, a hannunsa, kuma da hannunsa. Shekarunta kusan hamsin.

An haife ta a maƙerar Dawuda ta Rimaye, tun Bature yana rangadi a kan doki. Dawuda ya kawo ta ga Modibbo Manu, mahaifin Malam Sabi'u, don godiyar saukar Alƙur'ani da ɗansa ya yi a hannun Modibbo. Tun daga ranar ba ta san wani aiki ba sai yanka, ragon layya da ragon suna. Ba ta taɓa albasa ba, ba ta fiƙe alƙalami ba, ko igiyar akuya ba a yarda a datse da ita. Duk ɗan da aka haifa a gidan nan ita ta yanka masa rago, har shi mai wannan sanarwa. Ba ta wahalar da dabba, shafa ɗaya an gama. Waɗanda suka zauna da ita za su tuna muryarta, "shaf" in ta fito daga kube, da "ƙyas-ƙyas-ƙyas" a kan dutsen wasi ranar jajibere. Wasin shekara hamsin ya ramar da ita har ta koma kamar ganyen dawa, amma ba wanda ya ɗauki ramar ciwo.

Tun rasuwar Modibbo take kwana a ƙarƙashin matashin Inno, mahaifiyar Malam Sabi'u, wadda idonta ya tafi amma hannunta ya san komai. Kowace Juma'a sai ta fito da ita, ta shafa wa kuben man shanu, ta mayar.

Ciwon ajalinta takarda ce ta kawo shi. A bana, 1976, da aka buɗe firamare ga kowa, an zaɓi malamai ashirin su yi kwas na jagorancin 'yan sikawut, ciki har da kwana ɗaya a daji. Takardar ta ce kowa ya zo da bargo, da gorar ruwa, da wuƙar maƙera ta gargajiya, ban da ta kanti. Malam Sabi'u ya jera wuƙaƙen gida yana zaɓe. Addar gona ya ga ba ta dace da mai wando mai kari ba. Wuƙar girkin matarsa Halimatu tana warin daddawa. Sai zuciya ta raya masa cewa in gargajiya ake nema, a duk ƙasar Kusada ba wanda zai nuna irin tasu.

Inno ta ce, "Sabi'u, mi za ka yanka a dajin?"

Ya ce ai ba yanka ba ne, nunawa kawai za a yi.

Ta ce, "Ba ta san icce ba hwa." Ta dai ba shi, don takardar tana da hatimi.

A daji, mai horar da su, wani tsohon soja Saje Ummaru, ya bi wuƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Ya yaba ta Malam Sada na garin Boko, wata mummuna mai kauri da aka ƙera da sifirin mota. Da ya zo kan marigayiya ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya saurara, ya ce, "Malam, wannan ta liman ce. Maida ta kube, ka ari ta Sada." Malam Sabi'u ya ji kamar an ci mutuncin gidansu a gaban mutum goma sha tara.

An yi ruwa da rana, itace duk ya jiƙe. Saje ya nuna musu yadda ake ɗora wuƙa a kan gungume, a buga bayanta da sanda, a tsaga a samu busasshe a ciki. Kowa ya nemi gungumensa. Malam Sabi'u, wanda ya bar gona tun yana ɗan shekara tara ya tafi makarantar kwana, ya je ya ɗauko kirya. Manoman da ke cikinsu sun san kirya gatari ma shakkarta yake, sun buɗe baki za su yi magana, amma ya riga ya ɗaga sanda. Bugu na farko ta shiga. Na biyu ta ƙara shiga, har ya ɗago kai ya dubi Saje. A na uku ta ce "ƙas", ba ta sake cewa komai ba.

Rabinta ya maƙale a cikin kiryar. Mutum huɗu suka yi ta fama ba su fito da shi ba. Malam Sabi'u ya kwana ba wuta, ƙota a hannu, yana kuka a cikin bargo yana cewa mura ce.

Ranar Lahadi ya dawo gida ya tarar da barka. Halimatu ta sauka tun ranar Asabar, an sami mace, suna Asabar mai zuwa. Al'adar gidan kuwa, Inno ce ke fitowa bakin zaure da kanta ta miƙa wa liman wuƙar a gaban jama'a.

Ya hau keke har Rimaye wurin Shehu, jikan Dawuda. Shehu ya juya guntun, ya juya, ya ce, "Wallahi malam, ko ka kawo ɗaya rabin ba ta kamuwa. Sabuwa in kana so, amma Inno da yatsa za ta gane." Ya dawo gida. Ya cusa karan dawa a gindin kube, ya soka guntun a kai, ya kai wa Inno yana gaisuwa da ƙarfi fiye da kullum. Ta karɓa, ta ɗan jinjina ta a tafin hannu, ta sa a ƙarƙashin matashi, ba ta zare ba.

Marigayiya ta bar kubenta, da dutsen wasi wanda ya lotsa a tsakiya saboda ita, da Inno, da jaririya guda wadda ta zo duniya a yammacin da ita ta bar ta.

Game da jana'iza, rabin farko ya riga ya sami makwanci a cikin kirya. Malam Sabi'u ya so ya roƙi masu ta'aziyya su rage murya don kada Inno ta ji, amma ba sai sun wahalar da kansu ba. Jiya ta kira shi ta ce, "Ran Assabar ni zan miƙa ma liman kube, kamar kullum. Kai kau ka tsaya kusa da shi in zai zare."

Saboda haka za a fito da gawa ranar Asabar bayan sallar asuba, a ƙofar gidan Modibbo Manu, gaban rago da dukkan waɗanda aka raba wa goro. Malam Sabi'u zai tsaya a hannun daman liman. Ana roƙon Malam Sada ya zo da wuri, ya zo da tasa, ya kuma wasa ta sosai, don yarinyar tana jiran suna.